Gyaran Hausar Inna

Littafi guda ɗaya na taɓa bugawa tun da nake, shi ma ba maganata ba ce a ciki, ta Inna ce, mahaifiyata. Ni yatsu kawai na bayar.

Lokacin ina aikin sakatariya a wani biron gwamnati, wato ofis, a nan Tawa. Shekarun nan ne da aka buɗe wa mutane baki bayan babban taron ƙasa, kowa ya zama mai magana. Jam'iyyu suka yi yawa har ka rasa tutar wa ke rataye a itacen ƙofar gidanku, jaridu suna zuwa daga Yamai suna zagin mutumin da jiya ba a iya kallon idonsa. Magana dai ta yi arha, hatsi ne ya yi tsada. Albashi kuwa sai ya ga dama ya leƙo mu. Yau yajin aiki, gobe a koma, jibi a sake fita. Sau da yawa sai in je biro in tarar ba kowa, daga ni sai mashin ɗin rubutu, in buɗe shi in zauna muna kallon juna.

A lokacin ne littattafan Kano suka cika mana kasuwa, 'yan ƙanana masu siririyar takarda. Wani Alhaji mutumin Maraɗi ke kawo su. Shagonsa yana kusa da masu sayar da tabarmi, yana sayarwa, yana kuma ba da haya. Na zama 'yar gida a wurinsa, amma ni bakina ba ya shiru. Duk littafin da na mayar sai na yi mita.

"Alhaji, su waɗannan ba su san rijiya ba ne? Kowa a gidan sama, kowa da mota. Ko sau ɗaya ban ga wadda ta tashi ta yi daka ba."

"To Madam, ke ki rubuta naku mana," in ji shi. "Su ma ai ba kamfani gare su ba. Mutum ya rubuta abinsa, ya kai wa mai ɗab'i, ya ɗauko ya raba wa 'yan kasuwa. Ga mashin gare ki yana zaman banza."

Da wasa ya faɗa, ni kuwa na ƙulle maganar na tafi da ita gida.

Inna tana zaune wurina tun rasuwar Baba. Mutuniyar arewacin Adar ce, daga wani ƙauye can gaba da Barmu wanda yau ko darni bai saura a wurin ba. Sana'arta saƙar tabarma. Kullum za ka same ta a inuwar ɗaki da kaba jiƙe a ƙwarya, hannu yana tafiya, baki yana tafiya. Kai, Inna akwai labari! Rijiyarsu mai zurfin da sai jaki ya ja igiya har ya kusa ɓace wa ido kafin guga ya fito. Buzayen da suke maƙwabtaka da su, a ba su hatsi su ba da cuku. Shekarar da fara ta sauka suka rama da cin ta. Ranar da aka kai ta gidan Baba tana ta dariya, har wata gwaggonta ta mintsine ta don ta yi kuka kada a ce ba ta da kunya. In ta fara, maƙwabta sai su bar tukunya a wuta.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba da labarinsa ba, ƙannena. Ni ce ta fari. An kawo ni Tawa wurin gwaggona ina ƙarama saboda lekwal, wato makarantar boko, shi ya sa babbar yunwar nan ta same ni da tuwo a ciki. Ƙannena uku suna can tare da su: namiji, da mace, da wani ɗan ƙarami da aka haifa bayan tahowata, wanda ban taɓa sa shi a ido ba. Da farin shekarar ya cinye dabbobi, ƙauyen ya watse, suka kamo hanyar Tawa a ƙasa tare da sauran jama'a. A hanya ƙyanda ta shiga yaran ayarin. Suka sauka ƙarƙashin wata aduwa suna jiran sauƙi, sauƙin bai zo ba. Inna da Baba suka iso gidan gwaggo su biyu, da tabarma da ƙwarya. Na leƙa bayansu ban ga kowa ba. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba, kuma haka muka zauna har na girma na yi aure. Ɗan abin da na sani ma daga bakin gwaggo na tsinta kafin ta rasu.

Da na gaya wa Inna ina so in sa labarinta a littafi, sai ta yi tsaki.

"Mi za a yi da zancen tsohuwa cikin takarda? Takarda ta gwamnati ta, da malamai."

Na ce mata mutane za su karanta, har waɗanda ke nesa, har Nijeriya. Ta ci gaba da saƙarta, har na ɗauka maganar ta mutu. Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Wanda yak karanta, in ya iske mutuwa ciki, shina cewa Allah shi jiƙan su?"

"Yana cewa, Inna."

"Ko bai san mu ba?"

"Ko bai san mu ba."

"To rubuta."

A nan na gane abin da take ɗauke da shi duk shekarun nan. Yaran nan Baba ne ya rufe su da hannunsa, shi da wasu maza da yunwa ta gama da su. Ba a yi zaman makoki ba, ba sadaka, ba wanda ya zo ya ce mata ya haƙuri, don kowane gida da nasa gawar. Inna ba suna take nema ba, ba kuma riba ba. Addu'ar baƙi take nema wa 'ya'yanta, tunda na gida ba su samu sukunin yi ba. Daga ranar littafin ya tashi daga abin gardamata da Alhaji, ya koma wannan.

Haka muka kama aiki. Bayan la'asar in zauna kusa da ita da bik da takarda, tana faɗa ina rubutawa. Washegari in kai biro in buga. Mashin ɗin na Faransa ne, bai san da ɗ da ƙ da ɓ ba, sai na gama shafi in bi da bik ina sa wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, har idona ya riƙa yaji. Na yi wa kaina alkawari ba zan sa maganata ko guda a ciki ba, ba kuma zan taɓa tata ba. Ni karatu da rediyo sun riga sun lanƙwasa mini hannu, ga shi ma kuna gani. Amma Inna in ta ce tahiya, tahiya zan rubuta. In ta ce hura, hura ce. Sunka, munka, anka, duk na bar mata abinta yadda ya fito.

Haihuwarmu duk ta tsallake ta da "anka samu ƙaruwa". Ban matsa mata ba. Ranar da labari ya kawo mu hanyar Tawa, ta ajiye kabar, abin da ba ta saba yi ba, ta kalli bango ta ce:

"Can bisa hanyar Barmu, ƙarƙashin wata aduwa, nan nib bar ɗiyana. Ban waiwaya ba. Wanda yab ba ni ɗiyana shi yak karɓi abinai."

Ke nan. Na riƙe bik ina jiran ci gaba, ta ɗauki kabarta.

"Inna," na ce a hankali, "mu sa su nawa ne. Mu sa sunayensu."

Ta watso mini wani kallo. "Ke wagga, lekwal ta ɓata ki. Ɗiya awaki na, da za a ƙidaya su? Wanda za a roƙa ya san su."

Na san gaskiyarta. A wurinmu uwa ba ta ƙirga 'ya'yanta ko suna raye, balle ta zauna tana kiran sunan waɗanda suka tafi. Saboda haka duk su ukun suka shiga littafin cikin kalma guda, ɗiyana. A bakinmu na Adar, in mace ta ce ɗiyana, 'ya'yanta take nufi gaba ɗaya, maza da mata. In 'ya mace guda ce, sai ta ce ɗiyata. Ko yaron goye ya san wannan a Tawa.

Da na gama bugawa aka zo maganar ɗab'i. Yamai ba ta taɓuwa, musamman bayan da darajar sefa ta faɗi, takarda ta zama abin kallo daga nesa. Alhaji ya ce in ba shi ya kai Kano, yana da mai ɗab'in da ya sani. Na kwashi adashina, na haɗa da tunkiyar da nake kiwo. Ya yi mini bayanin yadda ake yi: in an buga, za a bar rabi wurin masu shagunan littattafai na can, su ba shi nasu a madadi, su kuma su watsa nawa garuruwa. Sauran rabin ya taho mini da shi. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don na can ɗin su ne baƙin da Inna ke so.

Ranar da na miƙa masa takardun a cikin leda, sai da na riƙe gefe ɗaya ban saki ba.

"Alhaji, don Allah don Annabi, kada a taɓa mini ko wasali."

"Haba Madam, ba komai. Ki kwantar da hankalinki."

Hankali bai kwanta ba. Wata ya bi wata. Yau a ce ba wuta a Kano, gobe a ce ba mai a hanya, jibi a ce mai ɗab'in ya karɓi aikin 'yan siyasa ya ture namu gefe. Na yi sintiri shagon Alhaji har masu tabarmi suka fara yi mini ba'a, suna cewa ga marubuciya ta zo duba jaririnta. A tsakanin nan Inna ta kama tari, irin wanda ba ya jin magani. Ta rage hira, ta rage ci. Amma duk ranar da na dawo daga kasuwa sai ta dubi hannuna.

"Takardag ga ba ta zaka ba?"

"Tana hanya, Inna."

Wata ranar kasuwa Alhaji ya aiko a kira ni. Na tarar da kwalaye jibge a bakin shago. Ya yanke igiya ya miƙo mini ɗaya. Wayyo, wannan ƙamshin sabuwar takarda! A bango an zana wata tsohuwa mai ƙiba da gyale, ko kusa ba ta yi kama da Inna ba, amma ga sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ban san sanda na yi guɗa a tsakiyar kasuwa ba, ni da nake jin kaina ma'aikaciya.

Sai na buɗe shafin farko. Inda Inna ta ce munka tahi, na ga muka tafi. Na buɗe na biyu, hura ta zama fura. Shina ya zama yana. Na yi ta buɗawa. An bi maganar Inna kaf an goge ta an shafa mata hoda.

"Alhaji! Mene ne wannan? Me na ce maka?"

Ya fara sosa ƙeya. Wai masu shagunan can ne suka leƙa suka ce wannan Hausar ba za ta sayu ba, mutanensu za su yi ta tuntuɓe. Mai ɗab'in kuma yana da wani malami da ke gyara wa marubuta Hausa kafin a buga, kowa yana kai masa. Shi kuwa ya ga in bai yarda ba za su ƙi karɓar rabin nasu.

"Gyara? Hausar uwata ce ta lalace da za a gyara? Shi malamin a ina ya sayi tasa?"

Na zazzaga masa har mutane suka taru. Bai tanka da zafi ba, mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Magana tana nan yadda take, riga kawai aka sake mata." Na hura hanci, na yi ƙwafa, amma a raina na ce to, in dai maganar tana nan, Inna ba riga ta dama ba. Na haɗiye fushina, na sa aka ɗora mini kwali guda a amalanke. Ban tsaya karanta sauran shafukan ba, ɗokin in kai mata ya hana ni.

Kafin la'asar gidanmu ya cika da matan unguwa. Aka shimfiɗa wa Inna sabuwar tabarma, ta yafa zanenta na zuwa suna. Na sa mata littafin a hannu. Ta juya shi, ta shinshina, ta daɗe tana kallon tsohuwar bango.

"Wagga wa ta?"

"Ke ce, Inna."

"Ni? To Allah shi ba ni rabin naman wuyanta."

Aka fashe da dariya. Na fara karantawa, kuma da jin layin farko wata maƙwabciyarmu ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha! Yaushe Inna ta zama Bakanuwa?" Nan fa wasa ya tashi. Ni ma da na ga abin ya zama na dariya sai na biye musu, na maƙale murya ina jan magana irin ta 'yan wasan rediyon Kano. Labarin rijiya, labarin fara, labarin mintsinin ranar aure, mata har da riƙe ciki. Inna tana dariya tana tari tana share ido, tana cewa, "Ku ji min ɗiyar banza, ni yaushe nic ce haka?" Rabon da in ga haƙoranta a waje haka tun kafin tarin ya kama ta.

Ina cikin wannan muryar ta wasa labari ya kai mu hanyar Tawa. Na ga wurin yana matsowa, na sassauta, na mayar da muryata daidai. Tsakar gida ta yi tsit, don kowa ya san abin da ke zuwa. Ido yana gaba, baki yana binsa, kafin in ankara na riga na faɗa:

"A can kan hanyar Barmu, a ƙarƙashin wata aduwa, a nan na bar 'yata. Ban waiwaya ba. Wanda ya ba ni 'yata shi ya karɓi abinsa."

Na sake duba layin ko idona ne. Ba idona ba ne.

"Sake karanta wurin ga," in ji Inna.

Na so in faɗa mata yadda ta faɗa tun farko, amma ta riga ta ji, kuma Inna ba a yi mata haka. Na sake karantawa yadda yake a rubuce.

"'Yata," ta maimaita, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta sani ba. "Ɗiyata ke nan. Guda."

"Kuskure ne, Inna, su can ba su..."

"Ina mazan?"

Ta ajiye littafin a kan tabarma a hankali, ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Matan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Ni kuwa na zauna a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da suka iso gidan gwaggo su biyu.

Washegari tun kafin ya gama buɗe shago na isa. Ban yi masa faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Na buɗe shafin na sa masa a gaba, na ɗora takardata ta asali kusa da shi. Shi mutumin Maraɗi ne, a gidansu ma ɗiya ake cewa, bai buƙaci bayani ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Innalillahi. Su nawa ne, Madam?"

"Uku."

Ya sake duban takardun biyu. Daga baya ya ce ya gane yadda aka yi. Malamin ya san ɗiya da ma'anar 'ya mace kawai. Da ya ga ɗiyana, sai ya ɗauka irin kuskuren nan ne da suke cewa mutanen Nijar na yi, na haɗa mace da namiji a magana. Ya gyara mana. Da kyakkyawar niyya ya yi, da jan bik ɗinsa, ya share yara biyu ya wuce shafi na gaba, wataƙila ma yana shan shayi.

"A dawo da na can," na ce.

"Madam, na can sun tafi. Tun ina Kano aka fara ɗaure su. Wasu Zariya, wasu Sakkwato, wasu ban ma san inda suka nufa ba."

Na Tawa dai suna hannuna. Na kwashe kwalayen na kai gida, na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, in soke 'yata in rubuta ɗiyana a samansa, wuri biyu a kowane littafi. Alhaji ya karɓi wasu ya taya ni, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Masu saye wasu suka riƙa cewa tsohon littafi ake sayar musu, tunda ga rubutun hannu a ciki. Na ce wanda ba ya so ya ajiye. An saya kaɗan-kaɗan, malaman lekwal da ma'aikatan likita da 'yan matan da suka gaji da labarin gidan sama. Lokacin wa ke da abin sayen littafi, ana neman na hatsi?

Inna tana kallona ina wannan aiki, sai da na kusa gamawa ta ce:

"Waɗanga na gida na. Mutanen Tawa sun san ni, ko ba takarda. Na nesa fa?"

Na ajiye bik ɗin, ta ci gaba:

"Dut wanda yak karanta can, guda za shi roƙa ma."

"In an sake bugawa za a gyara, Inna. Ni da kaina zan je Kano in tsaya a kansu."

Ta gyaɗa kai kawai. Ni da ita duk mun san ba tunkiya ta biyu a gidan.

Abin da ya fi ci mini rai, littafin ya samu karɓuwa a can fiye da nan. Alhaji yakan dawo daga tafiya ya ce an tambaye shi tsohuwar nan ta Adar. Wata rana har ya kawo mana wata Hajiya 'yar kasuwa daga Nijeriya, ta zo sayen tabarmi, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga Inna. Mace mai kirki, ta durƙusa har ƙasa, ta riƙe hannun Inna da hawaye a idonta.

"Mama, na karanta labarinki na kasa cin abinci. Yarinyar nan da kika bari a gindin bishiya, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin," in ji Inna. "Amin, na gode."

Ta karɓi gaisuwar da ta jira shekara da shekaru, ta yi wa baƙuwar addu'a, ta sa na ba ta tabarma kyauta. Ba ta gyara mata ba. Bayan sun fita ta juya fuska bango, ba ta ci tuwon ranar ba.

Da damina ta kama, tarin ya kwantar da ita. Likita suka ba da abin da za su bayar suka ce mu koma gida. Wata safiya ina dama mata kunu, ta kira ni.

"Ke wagga, ɗauko bik ɗinki."

Na ɗauko na zauna a bakin gado.

"In za a sake bugawa, ki sa sunansu. Suna ba shi gyaruwa, ko?"

"Ba ya gyaruwa, Inna."

Na san abin da wannan ya ci mata. Matar da ta harare ni don na ce a ƙirga, yau ita ce za ta kira su da bakinta. Ta rufe ido. Ta faɗi sunan babban, a hankali, kamar tana tsoron ya amsa. Na rubuta, ko da yake na san shi, tare muka yi wasan ƙasa. Ta faɗi na macen, na rubuta. Sai ta buɗe baki za ta faɗi na ƙaramin.

Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito.

"Bari," ta ce. "Shina zuwa."

Na jira. Ta ɗaga hannu tana juya yatsu a iska. Ta kira sunan Baba, ta ce a'a. Ta kira na wani ƙanenta, ta ce ba shi ba ne. Ta ce ranar sunan an yanka ɗan akuya baƙi, ta tuna wanda ya yi masa aski, ta tuna zanen da ta goya shi da shi. Sunan ne kawai ya ƙi. Shekarun da ta yi tana danne shi a ciki don kada ya fito, ashe ya danne da gaske.

Sai ta juyo ta dube ni, irin duban da yaro ke yi wa babba.

"Ke ba ki san shi ba?"

Ban san shi ba. Saƙon da ya zo Tawa lokacin cewa kawai aka yi an samu ƙaruwa, namiji. Ina yarinya, ban tambaya ba, daga baya kuma ba a tambaya. Baba ya tafi, gwaggo ta tafi, mutanen ƙauyen sun watse cikin duniya. Na ce mata ta huta, zai zo da kansa.

Ta yi ta nemansa har kwanakin da suka rage mata. Ina shara in ji ta ce, "Ke wagga, ga shi nan bisa halshena," in yar da tsintsiya in sheƙo da bik, in tarar ya koma. Ta daina tambayar magani, ta daina tambayar littafi. Ranar da za ta cika ma leɓɓanta suna motsi, maƙwabta suka ce kalmar shahada take yi, na ce Allah ya sa. Na kai kunnena kusa da bakinta har numfashin ya tsaya, ban ji sunan ba.